Kuɗin cefane ba ya kai mu ƙarshen wata, ga bashin da na ci a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekararmu tara da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, biyu suna makaranta. Shi ma'aikaci ne, albashinsa yana nan inda yake tun shekara biyu, kuɗin cefanen da yake ba ni ma haka, kayan masarufi kuwa kullum sai tashi. A farkon wata yake ba ni kuɗin gaba ɗaya, amma kafin 20 ga wata sun ƙare. In na yi magana sai ya ce ban iya tattali ba, wai matan wasu da abin da bai kai haka ba suke riƙe gida. Ni kuma ina gani da idona, da zarar wani ɗan'uwansa ya kira zai tura masa, kullum a waje yake cin abincin rana, ga kati ga data. Har yau ban san nawa yake ɗauka ba. Wata huɗu da suka wuce gorin ya ishe ni, na karɓi rance a wata manhajar bashi ta waya ba da saninsa ba. Yanzu duk wata sai in biya in sake karɓa, kuɗin ruwa yana ta cinye ɗan abin da nake samu a ɗinkin da nake yi a gida. Barci ma ya gagare ni. Don Allah ki koya mini dabarun tattali, ki kuma gaya mini, in sanar da shi maganar bashin ko in rufe har in biya?

Daga wata baiwar Allah

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ƙoƙari, sannu da haƙuri. Matar da ke riƙe cikin mutum biyar da kuɗin da bai motsa ba tun shekara biyu, alhali farashi yana ta gudu, bai kamata a ce mata ba ta iya tattali ba. In kuɗin da a da yake kai ku ƙarshen wata yanzu yana tsayawa a 20, farashi ne abin tuhuma na farko, tun da hannun da ke aunawa bai canza ba, bakunan da ke ci kuwa girma suka ƙara. Yaron da yake shekara biyar lokacin da aka yanke kuɗin cefanen nan yanzu bakwai gare shi, cinsa ba ɗaya ba ne da na da. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe mai suna Ernst Engel ya duba lissafin gidajen ma'aikata a Beljiyam, ya gano cewa gwargwadon ƙarancin abin da gida ke samu, gwargwadon girman kason da abinci ke cinyewa a ciki. Shi ya sa tsadar abinci ta fi dukan gida irin naku, ta kuma fi dukan wadda cefane ke hannunta, don ita ke fara ganin giɓin kafin kowa ya gani.

Kada kuma ki riƙa cin kanki da cewa wauta ce ta kai ki ga bashin nan. A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan manoman rake a Indiya. An gwada kaifin tunaninsu kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, aka sake gwada su bayan girbi da kuɗi ya shigo. Mutanen su ne dai, amma kafin girbi sakamakonsu ya fi rauni. Damuwar babu tana mamaye tunani, sai mutum ya kama duk abin da zai fitar da shi yau, ko da zai ɗaure shi gobe. Abin da ya same ki ke nan, kuma yana samun masu ilimi da marasa shi.

Bari mu duba ɓangaren maigida, don shi ma a cikin matsin yake. Namijin da albashinsa ya tsaya cik, yana kallon buƙatun gida suna fin ƙarfinsa, sau da yawa kunya ce ke fitowa daga bakinsa da siffar faɗa. Ya fi masa sauƙi ya ce ba ki iya tattali ba da ya ce abin da nake kawowa ya daina isa. Haka maganar 'yan'uwansa. Wataƙila shi ne wanda ake kallo a danginsu, kuma ya ce babu yana masa nauyi ƙwarai. Na fahimci wannan duka, amma fahimta ba ta mayar da gori daidai. Kwatanta ki da matan wasu rashin adalci ne, don bai san abin da ke shiga gidajen ba, bai san bashin da suke kwana da shi ba. Ɓoye miki albashinsa kuma ya bar ki kina lissafi da rabin lambobi. Ke ma a naki ɓangaren kin ɓoye masa bashi. Kin ga yanzu gida ɗaya ne, kuɗi ɗan kaɗan, amma kowannenku yana riƙe da abin da ɗayan bai sani ba. A ganina wannan ya fi komai cutar da ku. Gidan da ke da yalwa yana iya jure irin wannan ɓoye-ɓoye na ɗan lokaci, gidan da kuɗinsa ƙididdigagge ne ba zai iya ba.

Don haka amsar tambayarki ta biyu ita ce ki gaya masa, kuma kada ki jira sai kin biya. Ga dalilina. A ce kin ranci 100, kuɗin ruwan kuma 10 ne a wata. Duk wata kina biya kina sake karɓa, wato kina zubar da 10. In shekara ta zagayo kin ba su 120, kuma 100 ɗin nan tana nan a wuyanki ko ɗaya ba ta ragu ba. In kuwa kika kasa biya ruwan ya riƙa hawa kan uwar kuɗin, 100 ɗin za ta haura 300 cikin wata 12. Wannan misali ne kawai, ki duba ainihin adadin da suke cajarki, har da kuɗin da suke cirewa tun kafin su turo miki da tarar jinkiri, ki ninka shi sau 12 ki gani da idonki. Babu wata dabarar tattali a kicin da za ta yi gudun da ya kai na wannan ruwan. Sannan wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji suna neman izinin shiga lambobin da ke cikin waya, in aka yi jinkiri su aika wa mutane saƙo. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga saƙon wani baƙo.

Yadda za ki faɗa masa yana da muhimmanci. Kada ki ɗauko maganar ranar da kuɗi suka ƙare, ko yana shigowa a gajiye, ko a gaban yara. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, cikin kwanakin farkon wata. Ki zo da takarda, ki rubuta nawa kika ranta, nawa kika biya zuwa yanzu, nawa ya rage, da abin da kika saya da kuɗin. Ki fara da naki laifin ba tare da kwana-kwana ba: na yi abu ba da saninka ba, ban kyauta ba, tsoron gori ne ya sa, ga lissafin. A wannan zaman kada ki kawo maganar 'yan'uwansa ko abincin ranarsa, in kin kawo zai ji kamar kin zo da kariya ne, maganar ta koma wa ya fi wa laifi. Zai iya yin fushi, ki ba shi kwana ɗaya ko biyu ya huce. Abin da kike nema a wurinsa biyu ne: ku kashe bashin nan gaba ɗaya da wuri, ko da za a matse wata ɗaya ko a sayar da wani abin da ba a amfani da shi, sannan ku zauna tare ku duba kuɗin gidan. In ba za a iya biya a lokaci ɗaya ba, rance marar ruwa daga wani na jiki, da rubutaccen lokacin biya, ya fi ci gaba da juyawa a manhajar nesa ba kusa ba. Ranar da kuka gama biya, ki goge ta daga wayarki. Togaciya ɗaya zan yi: in kin san mutum ne mai ɗaga hannu in ransa ya ɓaci, kada ki faɗa masa ke kaɗai, ki nemi babban da yake jin nauyinsa ya zauna da ku.

Yanzu ga dabarun da kika tambaya. Ta farko ba ta cin ko sisi: littafi da biro. Kwana 30 cif ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki, komai ƙanƙantarsa, a ranar da ya fita, da farashinsa. Kada ki canza yadda kike kashewa a wannan watan, ki rubuta kawai. Mutane da yawa suna raina wannan, amma ƙwaƙwalwa tana riƙe manyan sayayya ne ta mance ƙanana, ƙananan kuwa su ne kullum-kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai ya duba. Littafin zai yi miki aiki biyu. Zai nuna miki inda za ki iya ragewa da gaske, zai kuma zama shaidarki. Maganar ba ki iya tattali ba tana mutuwa ne a gaban shafin da ke nuna farashin abu a bara da farashinsa bana. In kin samu hali ki gayyace shi ya yi cefanen mako ɗaya da kansa, ba da niyyar ƙure ba, don dai ya ji kasuwa da aljihunsa. Ki roƙe shi shi ma ya rubuta nasa na wata ɗaya.

Ta biyu, kuɗin wata kada ya zauna a dunƙule. Kuɗi in yana wuri ɗaya, a makon farko sai ya yi kamar yana da yawa, hannu ya saki, a makon ƙarshe a sha wuya. Ranar da ya ba ki, ki fara cire na kayan da ake saya sau ɗaya a wata, sauran ki raba shi kashi biyar, kowanne a ambulan ɗinsa. Huɗu na makonni huɗu ne. Na biyar na kwana biyu ko ukun da ke saura ne, tun da wata ya fi kwana 28, da kuma baƙon da ya zo ba shiri. Ambulan ɗin wannan mako in ya ƙare, a yi maneji da abin da ke cikin gida, ba a taɓa na mako mai zuwa. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ya yi suna ne a kan irin wannan hali na ɗan'adam: kuɗin da aka sa wa suna aka ware masa wuri, zuciya ba ta saurin yarda a kashe shi a wani abu. In kuɗin a banki ko a waya yake, ki ciro na mako a hannu, don turawa ta waya ba ta da zafi kamar ƙirga takarda a miƙa.

A kicin zan daɗe, don nan ne ikonki ya fi yawa. Kafin ki je kasuwa ki duba abin da ke gida, ki tsara girkin kwana bakwai a kansa, sannan ki rubuta abin da ya rage a saya. Ki tafi da takardar, da kuɗin takardar kaɗai, a ƙoshe, in da hali ba tare da yara ba. Abin da ba ya lalacewa kuma kullum ana ci, sayensa da yawa ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, don mai sayen kaɗan-kaɗan kullum shi ke biyan farashi mafi tsada. In kuɗin bai kai ba, ku haɗa da maƙwabciya ko 'yar'uwa biyu ku sayi sari ku raba. Amma akwai tarko a nan: abu in ya yi yawa a gida, hannu yana ƙara ɗiba. Don haka in kin sayi na wata, ki auna na kowane mako ki ware, ki rufe sauran inda ba a gani. Ki samu ma'auni ɗaya, kofi ko gwangwani, ki san nawa ke ƙosar da gidanki, ki daina zuba da ka. Man girki da sabulu da garin wanki su ne suka fi tafiya a ido ba a ankara ba, su ma a riƙa aunawa. In kina kwatanta kaya biyu, ki raba farashi da nauyi ko yawa, don babban ƙunshi ba kullum ya fi araha ba, kuma masu kaya sukan rage abin da ke ciki su bar farashi yadda yake. Kayan gwari kuwa ki bi wanda lokacinsa ya yi, in ya yi araha ki shanya ko ki adana yadda aka saba a inda kike.

Sai ɓarna. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci tan miliyan 931 a 2019, har da ɓawo da ƙashi a lissafin, kuma kashi 61 cikin 100 daga gidaje ya fito. Abin da ya ba mutane mamaki a rahoton shi ne, abin da mutum ɗaya ke zubarwa a gida bai bambanta sosai ba tsakanin ƙasashe masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi. Saboda haka ki lura da abin da ke zuwa shara na mako ɗaya. A zuba wa yara kaɗan, in sun cinye a ƙara, ya fi a cika kwano a kwashe rabi a zubar. Abin da ya fi saurin lalacewa shi za a fara dafawa. Ragowar dare ya zama karin safe ko guzurin makaranta. Sai dai ki kiyaye, Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan ba a firij ba ba a kan wuta ba, kuma in za a ɗumama ya yi zafi sosai har ciki. Tattalin da zai kai yaro asibiti asara ce.

Makamashin girki ma akwai abin ragewa. Ki riƙa rufe tukunya, in ta tafasa ki rage wuta, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Abin da ke da tauri a jiƙa shi tun dare. Ki gama yanke-yanke da wanke-wanke kafin ki kunna murhu. Abin da ke ɗaukar lokaci a dafa na sau biyu a tashi ɗaya in akwai wurin ajiya. A ɓangaren lantarki, abubuwan da ke ɗumamawa ko sanyayawa su ke shan wuta: dutsen guga, abin dafa ruwa, firij. A tara guga a yi sau ɗaya a mako, kada a sa abinci mai zafi a firij, kada a bar ƙofarsa a buɗe. Ƙwan fitila na LED, a ƙiyasin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, yana rage shan wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100 in aka kwatanta da tsohon ƙwai mai zafi, yana kuma daɗewa ninkin-ba-ninkin. Duk ƙwan da ya mutu a maye shi da irin wannan. Waya kuwa, ku duba ko akwai wata rajista da ke cire muku kuɗi kai tsaye ba ku sani ba, ku kashe bidiyo mai kunna kansa, ku sayi data ta wata maimakon ta kullum in lissafi ya nuna ta fi sauƙi. Fita ma a haɗa buƙatu uku a tafiya ɗaya.

Akwai abin da ba na so ki taɓa da sunan tattali. Abinci mai gina jikin yara, maganin da likita ya rubuta, sabulun wanke hannu, da naki cikin. Iyaye mata da yawa in abu ya matse kansu suke fara hanawa, su ce sun ƙoshi. Ke ce ke ɗinki, ke ce ke girki, in kin kwanta ciwo kuɗin da za a kashe ya fi wanda kika tara. A wajen magani, ki tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin kuɗi da sinadari ɗaya, amma a sayo a wurin da aka amince da shi, kuma kada a yanke shan magani a rabi. Takalmin makaranta da jaka da abin da ake amfani da shi kullum, arha ba ta ado, wanda zai kai shekara ya fi wanda za a saya sau uku. Kayan sawa na yara da suke saurin fin ƙarfinsu kuwa, gwanjo mai kyau da gadon yaya zuwa ƙane ba abin kunya ba ne, kuma ke da keken ɗinki kin fi kowa iya gyara da ƙara tsawo.

In littattafanku biyu sun cika wata, sai a zo kan nasa ɓangaren, da lalama. Abincin rana a waje kwana 20 ko fiye a wata kuɗi ne mai kauri. Kada ki ce ya daina, ki ce za ki riƙa zuba masa a kula kwana uku a mako, kuɗin da ya ragu a ƙara a cefane. Ya ga lambar da idonsa, shi zai yanke hukunci. Taimakon 'yan'uwa kuma kada ki yaƙe shi, za ki sha kaye, kuma ba abu ne marar kyau ba. Abin da za ki nema shi ne a sa masa iyaka: ga adadin da gidan nan zai iya fitarwa don dangi a wata, nasa da naki, iyaye a gaba. In ya ƙare, ya ƙare, sai dai rashin lafiya ko abin da ya kai haka. Wannan sauƙi ne gare shi, don zai samu abin faɗa da gaskiya in an kira: na wannan watan ya fita, sai mai zuwa. Maganar albashi ma ki sassauta hanyarta. In faɗin adadin yana masa nauyi, ya rubuta manyan abubuwan da ke kansa, haya da kuɗin makaranta da sufuri da wuta, ku ga abin da ke saura. Sau da yawa mace in ta ga nauyin da ke kan mijinta sai tausayi ya maye gurbin zargi, shi ma haka in ya ga littafinta.

Ɗinkinki kuma ki raba shi da tukunya. Duk abin da ya shigo ki fara cire kuɗin zare da kayan aiki da gyaran keke, wannan jari ne, ba a cinsa. Ribar ce za ki raba, wani kaso ga gida in kin ga dama, wani ga ajiya. Ki duba kuma ko kuɗin aikinki ya bi tashin kaya, don masu sana'a a gida sukan ji nauyin ƙara farashi har su wayi gari suna aiki a faɗuwa. Masu kawo ɗinki su ba da rabin kuɗi kafin ki yanka.

Bayan bashi ya mutu, abin da kike biya na ruwa duk wata kada ya koma cefane ya narke, ki mayar da shi asusu. Kada ki raina asusu. Masu bincike biyu, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson, sun ba wasu mutanen karkara a Kenya ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, mabuɗin yana hannunsu, don ajiyar kuɗin lafiya. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna abin da mutanen ke warewa don lafiya ya ƙaru da kashi 66 cikin 100. Ba a ƙara musu samu ba, wuri kawai aka ba kuɗin da suna. Ki ajiye a ranar da kuɗi ya shigo, kafin a fara kashewa, don in kika ce sai abin da ya yi saura, babu abin da zai yi saura. Burin farko ya zama kuɗin cefanen mako ɗaya, sannan na wata ɗaya. Shi ne zai tsaya miki ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi da dare, ba sai kin koma wurin masu ruwa ba. Abubuwan da kuka san suna tafe, kamar haya da kuɗin zangon karatu, ku raba su a kan watanni ku riƙa ware kason kowane wata, don ranarsu sananniya ce.

Za ki iya cin karo da tsarin nan na 50, 30, 20 da Elizabeth Warren ta Amurka da 'yarta suka yaɗa a 2005: rabin samu ga larura, kashi 30 ga abin sha'awa, kashi 20 ga ajiya da biyan bashi. Kada ya karya miki gwiwa. A gidan da larura kaɗai ke cin kusan komai, wannan rabon ba zai zauna ba. Kashi 2 ko 3 cikin 100 da ake ajiyewa ba fashi ya fi kashi 20 da aka yi wata ɗaya aka bari.

Idan ya ƙi zama, ya ƙi duba littafi, kada ki fasa naki. Ki ci gaba da rubutu da rabon mako, ki daina cike giɓi da bashi ko a ɓoye ko a sarari. Tun ranar 10 ga wata ki nuna masa abin da ya rage da kwanakin da zai kai, cikin sanyin murya, don ya san da zuwan ƙarshen tun da wuri. In wata biyu sun wuce babu sauyi, ki nemi wani babba mai adalci da rufin asiri ya zauna da ku, littafin yana gabansa.

Akwai kuma yiwuwar ku yi duk wannan, lissafi ya nuna har yanzu abin da ke shigowa bai kai abin da dole ya fita ba. In haka ta faru, ku sani laifin ba na hannunki ba ne, kuma ƙara matse tukunya ba zai rufe giɓin ba. A nan sai a duba manyan abubuwa, waɗanda sauyi ɗaya a cikinsu ya fi ƙananan dabaru goma: gida mai sauƙin haya ko mafi kusa da wurin aikinsa, makaranta mai sauƙi ko roƙon a riƙa biya kashi-kashi, ƙarin aiki gare shi a ƙarshen mako, faɗaɗa ɗinkinki zuwa kayan makaranta ko gyaran kaya da ake nema kullum, da bincika ko akwai wani tallafi na hukuma ko na wurin aikinsa da kuka cancanta. Waɗannan shawarwari ne da mutum ɗaya ba ya yankewa, shi ya sa nake ta jan ki zuwa ga zama da shi.

A daren yau ki buɗe manhajar nan ki kwafe lambobin a takarda: abin da kika karɓa, abin da kika biya, abin da ya rage, da ranar biya ta gaba. Gobe da safe ki fara littafin cefane. Ki sa ranar da za ki yi masa magana kafin ranar biyan ta zo. In kun zauna, ki sake rubuto mini yadda ta kaya da abin da littafin ya nuna, mu duba tare inda za a ƙara gyarawa. Allah ya rufa asiri, ya buɗa muku, ya sanya albarka a abin da ke hannunku.